Rayuwata a Sana'ar Tsara Manhaja da Kayan Aikin da Na Ƙera wa Kaina

Sana'ata tsara manhaja ce. Duk lokacin da ka buɗe wata manhaja a waya ko a kwamfuta, ka ga maɓalli a wuri kaza, ka karanta abin da aka rubuta a kansa, ka danna wani abu ya biyo baya, to akwai wanda ya zauna ya yanke shawara a kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Aikina ke nan. Mutane da dama sun ɗauka zaɓen launi ne da ƙawata fuskar waya. Launi yana ciki, amma shi ne abu na ƙarshe da nake taɓawa, kuma shi ya fi komai sauƙi.

Ban karanci wannan fanni a makaranta ba. Aikina na farko shi ne shigar da bayanai a wani ofishi: tarin takardu a hagu, kwamfuta a gaba, in kwafe lambobi daga safe har a tashi. Ƙarshen wata kuma in ɗauki kalkuleta in tara su layi-layi, domin ba wanda ya taɓa nuna mini cewa jadawalin Excel da nake cikawa zai iya yin lissafin da kansa. Ranar da wani abokin aiki ya tsaya a bayana ya rubuta ɗan gajeren umarni a ɗaki ɗaya na jadawalin, ya ce in canja kowace lamba na ga dama, na canja, sai jimillar da ke ƙasa ta canja nan take. Na sake canjawa, ta sake bi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ba saurin ne ya fi burge ni ba, a'a, yadda na samu damar tambayar kwamfuta “in da kaza ne fa?” ta ba ni amsa kafin tunanin ya kuɓuce mini.

Sai daga baya na san cewa wannan abin wani mutum ne ya tsara shi, kuma gajiya ce ta sa shi. Dan Bricklin yana ɗalibi a makarantar koyon kasuwanci ta Harvard a Amurka, kamar yadda ya ba da labari, yana kallon malaminsu yana lissafi a kan allo. Da lamba ɗaya ta canja, sai malamin ya goge duk waɗanda suka dogara da ita ya sake rubutawa. Bricklin da abokinsa Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979 a kan kwamfutar Apple II, kuma duk wani jadawalin lissafi da muke amfani da shi yau jikanta ne. Da na karanta wannan labari sai na fahimci cewa manhaja ba daga sama take faɗowa ba. Wani ne ya ga wahalar da kowa ya saba da ita har ya daina ganinta, shi kuwa ya ƙi sabawa.

Daga nan na shiga koyon rubuta ƙananan umarni da za su yi mini aikin da nake maimaitawa. Aikin yini guda ya koma na ɗan lokaci, sauran lokacin kuma na ba karatu. Abokan aiki suka fara kawo mini nasu, ni kuma ba na ƙi. A nan na gano bambancin da ke tsakanin abin da ka yi wa kanka da abin da ka yi wa wani. Naka ka san lungu da saƙonsa, ka san inda ba a taɓawa. Na wani kuwa dole abin ya yi wa kansa bayani, tunda ba kullum kake tsaye a kansa ba.

Wanda ya mayar da ni mai tsara manhaja na gaskiya wani dattijo ne mai kula da ma'ajiyar kaya, wanda aka turo ni in duba abin da ya sa alƙalumansa ba sa daidaita da na ofis. An riga an yanke masa hukunci cewa tsufa ne, bai iya kwamfuta ba. Da na je na tarar gefen allon kwamfutarsa duk ƙananan takardu ne a manne, kowace da rubutun hannunsa. Ɗaya ta ce kada a danna maɓallin shigarwa sau biyu. Wata ta ce a duba kusurwar sama kafin a fara rubutu. Na ce, “Baba, waɗannan takardun fa, wa ya ba ku su?” Ya ce, “Ɗana, ba wanda ya ba ni. Duk wadda ka gani, wahalar da na sha ce na rubuta don kada in sake.”

Na ja kujera na zauna gefensa, na roƙe shi ya ci gaba da aikinsa kamar ba na nan. Abin da na gani shi ne, manhajar tana da hali biyu masu kama da juna. A ɗaya, in ya rubuta lambar kaya tana nemo masa kayan ne. A ɗaya kuma, lambar da ya rubuta tana maye gurbin adadin da ke ajiye. Abin da ya raba su kawai wata 'yar kalma ce fara-fara a can kusurwa, wadda ko mai ƙuruciyar ido sai ya matsa kusa. Mutum yana tsakar aiki, ana kiransa daga ƙofa, direba yana jiran takarda, ta ina zai tuna a wane hali manhajar take? Dattijon nan ya fi duk wanda ya rubuta manhajar sanin ciwonta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Takardun da ya manna cikakken rahoton bincike ne, babu dai wanda ya taɓa tsayawa ya karanta.

Wannan matsala tana da tarihi. Larry Tesler, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken Xerox PARC a shekarun 1970 kafin ya koma Apple, ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da irin wannan tsari da maɓalli ɗaya zai yi abu biyu gwargwadon halin da manhaja ta shiga. Har a lambar motarsa ya rubuta adawarsa da shi. Shi da Tim Mott ne suka gina manhajar rubutu mai suna Gypsy, inda yankewa da kwafewa da liƙawa suka samu siffar da muka sani yau. Tesler ya rasu a 2020, kuma biliyoyin mutane suna amfani da aikinsa kullum ba tare da sun san sunansa ba. Ni a wurina wannan babbar daraja ce a sana'armu.

Na zana wa dattijon sabuwar fuskar aiki a takarda: wurin nema dabam, wurin gyara adadi dabam, kuma duk gyaran da ya yi manhajar ta nuna masa tsohon adadi da sabo, ta ba shi hanyar komawa baya. Hanyar komawa bayan nan ita ta fi faranta masa rai. Tun daga lokacin ba na sakin aiki sai na tabbatar mutum zai iya warware abin da ya yi. Tambayar nan ta “ka tabbata?” da manhajoji suke jefa wa mutane ba ta kare kowa, domin hannu yana sabawa ya danna “e” kafin ido ya karanta. Wanda ya san zai iya komawa baya kuwa yana aiki da sakin jiki, yana gwada abubuwa, kuma ta haka yake koyo.

Bayan na shiga sana'ar sosai, na yi aiki da manhajojin zane irin su Sketch da Figma, kuma ina jin daɗinsu. Sai dai akwai wani abu da ya daɗe yana damuna. Zanen da ake yi a cikinsu kullum tsaf yake: sunan mutum gajere, hoto kyakkyawa, jerin kaya bai yi yawa ba bai yi kaɗan ba. Rayuwa ba haka take ba. Wani sunansa ya fi layi guda, wani bai sa hoto ba, wani jerin babu komai a ciki, wani kuma dubbai ne. Sai an gama gina manhaja sannan waɗannan suke fitowa, lokacin da gyara ya yi tsada kuma kowa ya gaji.

Saboda haka na rubuta wa kaina wata 'yar manhaja, wadda har yau ita na fi alfahari da ita. Aikinta ɗaya ne: ta ɗauki zanena ta cika shi da bayanai masu wahala. Na danna maɓalli, sai sunaye su yi tsawo. Na sake dannawa, hotuna su ɓace. Na sake, rubutun ya koma na harshen da ake farawa daga dama, ko ya ƙara girma kamar yadda mai raunin gani yake saita wayarsa. Ina zaune ina kallon zanen da na yi wa ado yana wargajewa a gabana, kuma wannan shi ne lokacin da na fi amfana da shi a duk yinin. Inda ya karye, nan aikin yake. Abin da na lura da shi bayan na daɗe ina amfani da ita shi ne, tunanina ma ya canja. Tun ina riƙe da fensir nake jin tambayar tana zuwa da kanta: in sunan ya yi tsawo fa? In babu komai fa? Kayan aikin ya koya mini abin da na gina shi ya riƙa tuna mini.

Ta biyu da na rubuta wa kaina tana rage wa manhaja gudu da gangan, ta mayar da ita kamar tana kan tsohuwar waya da netwok mai rauni. Mu masu wannan aiki galibi muna zaune gaban kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai sauri, alhali masu amfani da abin da muka gina ba haka suke ba. Jakob Nielsen, masani a kan sauƙin amfani da manhaja, ya yaɗa wasu ma'aunai uku da masu bincike suka daɗe da sani: in amsa ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yana jin kamar shi ya motsa abin da hannunsa, in ta kai daƙiƙa 1, ya lura da jinkirin amma tunaninsa bai yanke ba, in ta wuce daƙiƙa 10, hankalinsa ya tafi wani wuri. Karanta wannan dabam, zama ka jira naka zanen yana juyawa dabam. Gani ya kori ji. Sai da na fara aiki a cikin wannan jinkiri na koyi tsara abin da mutum zai gani yayin da yake jira, da abin da zai faru da rubutun da ya yi in netwok ya ɗauke a tsakiya.

Akwai wasu ƙanana. Ɗaya tana auna bambancin hasken rubutu da na bayansa duk lokacin da na adana aiki, ta yi mini gargaɗi in ya gaza 4.5 bisa 1, wanda shi ne ma'aunin da ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, suka gindaya wa rubutu na yau da kullum. Wata tana ɗaukar hoton zanena duk yamma ta jera, don in iya komawa in ga ta inda wata shawara ta faro. Ba ɗaya a cikinsu da ke yin abu biyu. Wannan na koya daga mutanen cibiyar binciken Bell Labs da suka gina Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, su Ken Thompson da Dennis Ritchie, musamman Doug McIlroy wanda ya kawo dabarar da ta shiga tsarin a 1973, ta haɗa ƙananan manhajoji ta yadda abin da ɗaya ta fitar zai zama abin da ta gaba za ta karɓa. Ƙaramin kayan aiki yana da sauƙin fahimta, da sauƙin gyara, kuma in ya daina amfani ba ka jin ciwon jefar da shi.

Amma ƙera kayan aiki yana da daɗin da zai iya janye mutum daga ainihin aikin. Donald Knuth na jami'ar Stanford ya ga yadda aka tsara bugun wani littafinsa a 1977, abin bai yi masa ba, sai ya ce bari ya rubuta manhajar tsara bugu da kansa. Ya ɗauka aikin ɗan lokaci ne, ya ci masa kusan shekara 10. Duniya ta samu TeX, wadda masana lissafi suke rubutu da ita har gobe, don haka ba a yi asara ba. To amma ba kowa ne Knuth ba, kuma mai jiran aikina ba zai jira shekara 10 ba. Ƙa'idar da na kafa wa kaina ita ce, ba na gina kayan aiki don abin da nake hasashen zan buƙata. Sai na yi abu da hannu, na maimaita har na san duk kwanarsa kuma ya gundure ni, sannan nake mayar da shi manhaja. In kuma na ga kayan aikin ya fara neman nasa kayan aikin, sai in dakata.

Game da waɗanda nake koyi da su, Susan Kare ce a gaba. Ita ta zana 'yan alamomin kwamfutar Macintosh ta 1984. Fasahar zane ta karanta, ba kwamfuta ba, kuma a littafi mai gidaje-gidaje ta fara aikin, tana cike gida ɗaya-ɗaya da hannu. Kowace alama ɗigo 32 ne a tsaye, 32 a kwance, wato ɗigo 1,024, kowanne ko baƙi ko fari. A cikin wannan ƙuncin ta fitar da kwandon shara da agogon hannu da kwamfuta mai murmushi, waɗanda mutum zai gane da kallo ɗaya. Duk lokacin da na ji ina ƙorafin wuri ya yi mini kaɗan a fuskar waya, aikinta nake tunawa. Sai Bill Atkinson, wanda ya yi MacPaint, sannan a 1987 ya fitar da HyperCard, manhajar da ta ba malaman makaranta da masu ƙananan sana'o'i damar gina tasu manhajar ba tare da sun zama injiniyoyi ba. Ward Cunningham, wanda ya ƙirƙiro wiki na farko a 1995, wato shafin intanet da masu karatu za su iya gyarawa da kansu, ya ce daga gwaje-gwajen da ya yi da HyperCard tunanin ya samo asali. Irin aikin da nake buri ke nan, wanda wani zai ɗauka ya gina abin da ban taɓa tunani ba.

Yinina ba shi da wani abin mamaki. Da safe ba na buɗe imel ko saƙonni sai na yi aiki mai nauyi tukuna, domin in na bari buƙatun mutane suka riga shiga kaina, to tunanin ranar ya tafi. Da takarda da fensir nake farawa. Kafin in zana komai, nakan rubuta jimla ɗaya: wane ne mutumin, me yake so ya gama, a wane hali yake. In jimlar ta ƙi rubutuwa, ban fahimci aikin ba ke nan, kuma zane ba zai rufe wannan ba. Daga nan sai kalmomin da za su fito a fuskar manhajar, musamman saƙon da mutum zai gani in abu ya lalace. Nakan daɗe a kan wannan fiye da yadda abokan aikina suke ganin ya dace. Mutumin da kuɗinsa ko aikinsa ya maƙale yana cikin damuwa, kuma abin da yake buƙata shi ne a gaya masa me ya faru, ko abinsa yana nan, da abin da zai yi yanzu. A jefa masa lambar kuskure kawai rashin tausayi ne.

Zanen farko baƙi da fari nake yi, kuma nakan yi iri-iri da sauri ba tare da na tsaya gyara ba, don na farko da ya zo kai yawanci wanda kowa ya saba gani ne. In na maƙale sai in tashi in yi tafiya a ƙasa ba tare da waya ba. Da rana nake zama da injiniyoyi, kuma tun zanen yana ɗanye nake nuna musu, domin sau da yawa su ne za su ce wannan zai ci wata guda, amma in ka juya shi haka kwana biyu ne.

Gwaji da mutane kuwa ba na wasa da shi. Nielsen ya rubuta a 2000 cewa mutum 5 sun isa su fito da mafi yawan matsalolin da ke cikin tsari, kuma ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa a kan babba guda ɗaya. Abin da ya fi wuya a gwaji shi ne kame baki. Kana kallon mutum yana neman maɓallin da ke gaban idonsa, yatsansa yana shawagi a kansa ya wuce, zuciyarka tana cewa ka nuna masa. In ka nuna, ka ɓata gwajin. Wata matashiya da nake koya wa aiki ta taɓa tambayata bayan mun fito, “Malam, ba ka ganin mun bar matar nan ta wahala?” Na ce mata wahalar minti biyu da ta sha a gabanmu ita za ta hana dubban mutane shan irinta su kaɗai, inda ba mai taimakonsu. Amma na ƙara mata da cewa dole tun farko a gaya wa mai gwajin cewa manhajar ake gwadawa ba shi ba, kuma a gode masa da gaske. Kafin in tashi da yamma nakan rubuta layi biyu a kan inda na tsaya da abin da zan fara da shi gobe, don kada safiya ta tafi wajen neman bakin zaren.

Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka zo, ƙera ƙananan kayan aiki ya yi sauƙi ƙwarai, abin da kan ci mini mako yakan samu a yini. Ina amfani da su, kuma ina murna da yadda suka buɗe ƙofa ga waɗanda ba su iya rubuta manhaja ba. Abin da ba su ɗauke mini ba shi ne zama kusa da mutum in ga inda hannunsa yake tsayawa.

Aikin da ke gabana a yanzu ya samo asali ne daga wani gwaji da muka yi da wani makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar waya. Gudun da ya saita muryar ya sa ni ban iya tsintar ko kalma ɗaya ba, shi kuwa yana ta aikinsa. Da ya iso shafinmu sai muryar ta riƙa cewa “maɓalli, maɓalli, maɓalli,” domin alamomin da muka zana ba mu ba su suna ba. Ya ajiye wayar ya tambaye mu wanne ne na aikawa. Tun daga ranar nake gina wata 'yar manhaja da za ta karanta mini zanena da murya tun yana matakin zane, kafin injiniya ya taɓa shi, in rufe ido in bi shafin daga sama har ƙasa. Ta fara aiki a kan shafuka masu sauƙi. Jadawali mai layuka da yawa ne har yanzu take rikicewa a kansa, kuma mutumin ya yarda zai dawo ya gwada ta in na gyara wannan ɓangaren.